Super Eagles Daga 1949 Zuwa Yau: Ina Gizo Ke Saƙar?

A daren 16 ga Nuwamban 2025, a birnin Rabat na Maroko, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta fitar da Najeriya a bugun fenariti bayan an tashi 1-1, ta rufe mata hanyar zuwa gasar cin kofin duniya ta 2026. Karo na biyu ke nan a jere da Super Eagles ta rasa gurbin gasar. Abin da ya ƙara wa lamarin ciwo shi ne wannan karon an faɗaɗa gasar zuwa ƙasashe 48, Afirka ta samu gurabe tara kai tsaye, kuma a cikin tawagar akwai Victor Osimhen da Ademola Lookman, gwarzayen 'yan wasan Afirka na 2023 da 2024. Kwanaki kaɗan kafin wannan dare, 'yan wasan sun ƙi fita atisaye a Rabat ɗin saboda kuɗin alawus da suke bin hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa.

A gidajen kallo da majalisun unguwa kowa yana da tasa amsar. Wani ya ce koci ne bai san aikinsa ba. Wani ya ce yaran yanzu ba su da kishi, sun ƙoshi da kuɗin Turai. Wani kuma ya ɗora laifin a kan wanda ya ɓarar da fenariti. Ni dai a ganina duk wanda ya bi tarihin wannan tawaga tun daga farkonta zai ga abu guda yana maimaita kansa: Najeriya ba ta taɓa rasa gwanaye ba, riƙo ne ya gagare ta. Sau uku aka yi haƙuri aka gina tawaga har ta ɗauki kofin Afirka, sau ukun kuma, kafin a gama murna, an wargaza abin da aka gina, kuma ba a cikin fili aka yi wargazawar ba.

Mafarin labarin 1949 ne, zamanin Turawan mulkin mallaka, lokacin da aka zaɓi 'yan wasa 18 suka hau jirgin ruwa zuwa Ingila ƙarƙashin kyaftin Etim Henshaw, tare da irin su Teslim Balogun da ake wa laƙabi da Thunder. Mafi yawansu ba takalmi suka buga, sai bandeji a ƙafa, amma suka ci ƙungiyar Marine 5-2 a wasansu na farko. A hanyar dawowa suka yada zango a Firitawun, suka doke Saliyo da ci biyu da nema a ranar 8 ga Oktoba. Wannan shi ake lissafawa a matsayin wasan ƙasa da ƙasa na farko da Najeriya ta buga. Jar riga suke sawa a lokacin, ana kiransu Red Devils. Bayan samun 'yanci aka koma kore da fari da sunan Green Eagles, sai a 1988 sunan Super Eagles ya kama.

Kada mai karatu ya ɗauka tun fil azal Najeriya giwa ce a tamaula. A 1955 Gana, wadda ake kira Gold Coast a lokacin, ta yi mata 7-0. A gasar cin kofin Afirka ta farko da ta halarta, a 1963, Masar ta ci ta 6-3, Sudan ta ƙara mata 4-0, ta tattara ta dawo gida. Gana ce sarauniyar yankin a wancan zamani.

Ginin farko ya soma ne bayan yaƙin basasa. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ga cewa wasanni na cikin abubuwan da za su ɗinke ɓarakar da yaƙi ya bari, ga kuɗin man fetur sun fara shigowa. Aka gina babban filin wasa na Surulere a Legas, Najeriya ta karɓi baƙuncin wasannin Afirka na 1973, ta ci zinare a ƙwallo bayan ta doke Gini 2-0. Ƙungiyoyin gida kuma suna da ƙarfi na gaske. IICC ta Ibadan ta ɗauki kofin zakarun kofuna na Afirka a 1976, Rangers ta Inugu ta ɗauka a 1977. Mighty Jets ta Jos ce ta ci gasar lig ta ƙasa ta farko a 1972, Raccah Rovers ta Kano ta ci ta 1978. Daga irin waɗannan ƙungiyoyi wani koci ɗan Yugoslabiya, Tihomir Jelisavčić, wanda aka fi sani da Father Tiko, ya tsamo yaransa, ya zauna da su kimanin shekara huɗu. Ya zo na uku a gasar Afirka a Habasha a 1976, ya sake zuwa na uku a Gana a 1978. A tsakani ya sha babban baƙin ciki, ranar da Godwin Odiye ya ci gida da ka a wasan Tunisiya a Legas cikin Nuwamban 1977, Najeriya ta rasa gurbin gasar duniya ta Ajantina. Duk da haka ba a watsar da yaran ba. Otto Glória ɗan Barazil ya gaji tawagar kusan a yadda take, a ranar 22 ga Maris 1980 kuma, a gaban Shugaba Shehu Shagari, suka casa Aljeriya 3-0 a Surulere. Segun Odegbami ya ci biyu, Muda Lawal ya ci ɗaya, kyaftin Christian Chukwu ya ɗaga kofin. Kusan dukkansu a gida suke wasa. Gwamnati ta ba su gidaje da motoci. Shekara guda bayan haka Aljeriyar ta rama, ta ci su gida da waje a neman gurbin gasar duniya ta 1982, a gasar Afirka ta Libiya kuma mai riƙe da kofi ta faɗi tun a rukuni.

Shekarun 1980 na Kamaru ne, kuma a kan Najeriya ta gina sunanta. Ta ci ta 3-1 a wasan ƙarshe a Abijan a 1984. Ta sake cin ta 1-0 a Kasabalanka a 1988 da fenaritin Emmanuel Kundé, bayan alƙalin wasa ya soke ƙwallon da Henry Nwosu ya ci da ka, hukuncin da dattawan 'yan kallo har yau ba su yafe ba. A watan Agustan 1989 Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar wasa da Angola a Legas, rai ya yi halinsa. Makonni biyu bayan nan Kamaru ta ci Najeriya 1-0 a Yawunde ta kama hanyar zuwa gasar duniya ta Italiya, inda ta kai zagayen 'yan takwas ta girgiza duniya.

A wannan yanayi Clemens Westerhof ya zo daga Holand, kuma a kansa nake so mai karatu ya ɗan tsaya. Wasansa na farko a gasar Afirka, a Aljiyas a 1990, Aljeriya ta yi masa 5-1. Da yau ne, kafin jirgi ya sauka a Legas an sallame shi. Amma ya tsallake, ya kai wasan ƙarshe a wannan gasar da tawagar da yawancinta 'yan gida ne, Aljeriya ta sake cin sa 1-0. A Senegal a 1992 ya zo na uku. Shekara biyar ya yi yana zagaya filayen ƙasar yana tsintar yara, yana tura su Turai ta hanyar Beljiyam da Stephen Keshi ya riga ya buɗe. Abin da ya kare shi daga masu son korarsa kuwa sananne ne: yana da ƙofa kai tsaye zuwa ofishin mataimakin shugaban ƙasa Augustus Aikhomu, don haka ya iya tsallake jami'an hukumar ƙwallo. A nan akwai abin lura. Tawaga mafi ƙarfi da Najeriya ta taɓa yi ba tsarin hukuma ne ya haife ta ba, wani babba ne ya yi wa koci garkuwa daga hukumar.

Sakamakon ya zo a jere. Ranar 8 ga Oktoban 1993, shekara 44 cif bayan wasan Firitawun, Finidi George ya ci ƙwallon da ta sa aka tashi 1-1 a Aljiyas, Najeriya ta samu gurbin gasar duniya karo na farko. A Afrilun 1994 ta ɗauki kofin Afirka a Tunisiya, Emmanuel Amunike ya ci biyu aka doke Zambiya 2-1, Zambiyar da shekara guda kafin nan ta rasa kusan dukkan tawagarta a haɗarin jirgin sama a gaɓar tekun Gabon. A watan ne FIFA ta sa Najeriya a mataki na biyar a duniya, matsayin da babu wata ƙasar Afirka da ta taɓa kaiwa kafin nan. A Amurka aka ci Bulgeriya 3-0, Rashidi Yekini ya kama raga yana kuka bayan ya ci ƙwallon farko, hoton da ya zagaye duniya. Ajantina ta Maradona ta ci 2-1, aka doke Girka 2-0, Najeriya ta ja ragamar rukuni. A zagaye na biyu tana gaban Italiya da ci ɗaya, an ba Gianfranco Zola jan kati, saura minti biyu a tashi, Roberto Baggio ya farke, ya ƙara da fenariti a ƙarin lokaci. Amunike da Daniel Amokachi duk sun fita da rauni a wasan. Italiyar ta kai wasan ƙarshe, Bulgeriyar da aka yi wa 3-0 ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Wannan ya isa ya nuna abin da ke hannun Najeriya a wancan lokaci.

Me aka yi da shi? Westerhof ya tafi cikin saɓani daga Amurka. A Nuwamban 1995 gwamnatin Janar Sani Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa da abokansa takwas, Nelson Mandela ya fito ya yi kakkausar suka, sai gwamnati ta hana tawagar zuwa kare kofinta a Afirka ta Kudu a 1996 da hujjar tsaro. Hukumar CAF ta mayar da martani ta haramta wa Najeriya gasar 1998. Ke nan daga 1994 zuwa 2000, shekarun da Okocha da Kanu da Oliseh da Finidi da Amokachi suke kan ganiyarsu, ba su taka gasar Afirka ko sau ɗaya ba. A ra'ayina wannan ce asara mafi girma a tarihin ƙwallon Najeriya, ta fi ƙwallon Baggio, domin ita Baggio ƙaddarar fili ce, wannan kuwa da hannu aka yi ta. Shaidar ƙarfin yaran ita ce gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, wadda ta 'yan ƙasa da shekara 23 ce amma ƙashin bayanta ɗaya ne da babbar tawaga. Barazil na gaba 3-1, suka farke, Nwankwo Kanu ya ci biyu aka tashi 4-3. A wasan ƙarshe suka doke Ajantina 3-2, suka zama ƙasar Afirka ta farko da ta ci zinaren ƙwallo a Olamfik.

Gasar duniya ta Faransa a 1998 ta nuna fuska biyu na tawagar. Philippe Troussier ne ya samo gurbi, aka raba gari da shi, aka kawo Bora Milutinović saura watanni. Kwana biyar da rasuwar Abacha suka ci Sifaniya 3-2, Garba Lawal ya bugo ƙwallon da gola Zubizarreta ya tura cikin ragarsa, Sunday Oliseh ya ɗaɗa wata daga nesa wadda har gobe ake nunawa. Daga nan kowa, 'yan wasa da 'yan kallo, ya koma lissafin karawa da Barazil a zagayen 'yan takwas, aka manta da Danmak da ke tsaye a gaba. Danmak ta yi mana 4-1, Tijjani Babangida ne ya ci ta share hawaye. Wannan kashi dole a amsa cewa na 'yan wasa ne da girman kanmu, ba duk laifi ne ke ofis ba. A 2000 aka dawo gasar Afirka a gida, haɗin gwiwa da Gana, har Kano ta karɓi wasannin rukuni guda. Babangida ya ci Afirka ta Kudu biyu a wasan kusa da na ƙarshe, amma Kamaru ta sake ɗauke kofin a Legas a bugun fenariti bayan 2-2, inda ƙwallon Victor Ikpeba ta bugi turke ta tsallaka layi alƙali ya ce ba ta shiga ba. Karo na uku ke nan Kamaru na cin Najeriya a wasan ƙarshe.

Shekaru goman da suka biyo baya na tagulla ne: na uku a 2002, 2004, 2006 da 2010. Mutumin da ya fi kowa ɗanɗana halin hukumar a wannan tsakani shi ne marigayi Shuaibu Amodu. Ya karɓi tawaga tana tangal-tangal ya kai ta gasar duniya ta 2002, ya zo na uku a Mali, aka kore shi kafin gasar. Ya sake samo gurbin 2010, ya zo na uku a Angola, aka sake korarsa aka ba Lars Lagerbäck ɗan Suwidin. Duk gasar biyu Najeriya ba ta ci wasa ko ɗaya ba, maki ɗaya-ɗaya ta dawo da shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mutanen Kano suna da tabo na musamman daga wannan zamani. A Yunin 2005 aka kai wasan neman gurbi da Angola filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Jay-Jay Okocha ya ci da bugun tazara tun da wuri, Angola ta farke bayan hutun rabin lokaci, aka tashi kunnen doki. A ƙarshen zagayen ƙasashen biyu suka yi maki 21 kowacce, Najeriya ta fi yawan ƙwallaye, amma dokar haɗuwar kai da kai ta ba Angola gurbin Jamus 2006. Daga baya wasu suka yi ta ɗora laifin a kan zafin ranar Kano da kuma kai wasan can. Wannan magana ba ta yi wa Kano adalci ba. Angola ta riga ta ci Najeriya 1-0 a Luwanda, an yi canjaras da Gabon a Libarabil, an yi da Ruwanda a Kigali. A can aka zubar da makin, Kano kawai ta zama inda aka ga ramin.

Wannan ɗabi'a ta neman wanda za a rataya wa laifi ta daɗe tare da mu. An rataya wa Odiye a 1977. An rataya wa Sani Kaita a 2010, bayan jan katin da ya karɓa a wasan Girka ana gaba da ci ɗaya, har da barazana ga rayuwarsa. An rataya wa Yakubu Aiyegbeni saboda ƙwallon da ya ɓarar a gaban raga a wasan Koriya ta Kudu. An rataya wa gola Maduka Okoye a 2022. Ba na cewa ba su yi kuskure ba, sun yi. Amma duk lokacin da ƙasa ta taru a kan yaro guda, waɗanda suka canja koci saura wata uku a fara gasa sukan sulale ba wanda ya tambaye su. Bayan gasar 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sanar da dakatar da tawagar na shekara biyu, FIFA ta yi barazana, cikin kwanaki aka janye.

Gini na uku na Stephen Keshi ne, kuma shi ne ya fi burge ni, domin da ƙaramin kaya ya yi shi. Ya karɓi tawagar da ta kasa zuwa gasar Afirka ta 2012. Ya tara 'yan wasan gida a sansani a Abuja ya yi ta gwada su, ya ajiye manyan sunaye irin su Peter Odemwingie, ya tafi Afirka ta Kudu a 2013 da 'yan lig ɗin gida shida. Ba wanda ya ba su ko kusa da kofi. A zagayen 'yan takwas suka fitar da Kwaddibuwa ta Didier Drogba da Yaya Touré da ci 2-1, Sunday Mba, ɗan wasan gida, ya ci ta biyun. Suka yi wa Mali 4-1, Ahmed Musa na cikin waɗanda suka ci. A wasan ƙarshe a Johannasbag ranar 10 ga Fabrairu, Mba ɗin ne ya sake cin ƙwallo ɗaya tilo a ragar Burkina Faso. Keshi ya zama mutum na biyu, bayan Mahmoud El-Gohary na Masar, da ya ɗauki kofin yana ɗan wasa ya kuma ɗauka yana koci. Washegari ya ce ya ajiye aiki saboda yadda jami'ai suka matsa masa ana tsakiyar gasa, sai da aka lallashe shi. Ya yi watanni ba albashi. Ya kai tawagar zagaye na biyu a Barazil a 2014, inda 'yan wasa suka ƙaurace wa atisaye kan alawus gab da wasan Faransa, aka ci su 2-0. A watan Yulin shekarar FIFA ta dakatar da Najeriya bayan wata kotu a Jos ta sauke shugabannin hukumar, rikicin shugabanci tsakanin ɓangaren Amaju Pinnick da na Chris Giwa ya ja har 2018. Mai riƙe da kofi ta kasa zuwa gasar 2015, ta kasa zuwa ta 2017. Keshi ya rasu a Yunin 2016, kwanaki kaɗan Amodu ya bi shi. Allah ya ji ƙan maza.

Mai ja da wannan ra'ayi nawa zai kawo Gernot Rohr, kuma yana da hujja. Bajamushen ya yi shekara biyar da 'yan watanni, ya fi kowa daɗewa, bai ɗauki kofi ba. Ya kai tawagar Rasha a 2018, inda Ahmed Musa ya ci Aislan biyu, ya zama ɗan Najeriyar da ya fi kowa cin ƙwallo a gasar duniya da guda huɗu, amma Marcos Rojo na Ajantina ya fitar da su saura minti huɗu. A Masar a 2019 ya zo na uku bayan bugun tazarar Riyad Mahrez a daƙiƙar ƙarshe. Gaskiya ne, daɗewa kaɗai ba ta kawo kofi. Sai dai a duba yadda aka rabu da shi: an sallame shi a Disamban 2021, saura wata guda a fara gasar Afirka ta Kamaru. Tawagar ta ci wasanninta uku na rukuni a Garwa, inda mutanen gari da waɗanda suka tsallako daga Adamawa suka mara mata baya kamar tana gida, sai Tunisiya ta fitar da ita a zagaye na biyu. A watan Maris Gana ta riƙe ta 0-0 a Kumasi da 1-1 a Abuja, ta ƙwace gurbin gasar duniya ta Katar, fusatattun 'yan kallo suka farfasa filin. José Peseiro ya kai wasan ƙarshe a Abijan a Fabrairun 2024, mai masaukin baƙi ta ci 2-1, ya tafi. Finidi ya karɓa bai yi wata uku ba. Kafin a ɗauko Éric Chelle ɗan Mali a Janairun 2025, an riga an yi canjaras da Lesoto da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu, Benin kuma, wadda Rohr ɗin ke horarwa, ta ci 2-1. Maki uku a wasa huɗu. Tun a nan aka rasa gurbin 2026.

Idan aka tara lissafi, tarihin ba na raini ba ne. Kofin Afirka uku, wasan ƙarshe takwas, matsayi na uku sau tara idan aka haɗa da na Maroko a farkon 2026. Gasar duniya shida, zagaye na biyu sau uku. Sau biyar aka haɗu da Ajantina a gasar duniya, sau biyar ta yi nasara, kowane karo da tazarar ƙwallo ɗaya. Ƙasashe da yawa za su yi fatan rabin wannan. Amma Masar tana da kofi bakwai, Kamaru biyar, Gana huɗu. Kamaru da Senegal da Gana duk sun kai zagayen 'yan takwas a gasar duniya, Maroko ta kai wasan kusa da na ƙarshe a 2022, ƙasar da ta fi kowa yawan jama'a a nahiyar kuma ba ta taɓa wuce zagaye na biyu ba. Senegal ta riƙe Aliou Cissé tun 2015, ya sha kashi a wasan ƙarshe na 2019 ba ta kore shi ba, ya kawo mata kofinta na farko a 2022. Maroko ta zuba kuɗi a makarantar horar da yara da filaye shekaru kafin ta ga amfaninsu.

Akwai kuma abin da ya fi canjin koci zurfi, wato rijiyar da ake ɗebo 'yan wasan. Sau biyar Najeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17, babu ƙasar da ta kai ta, amma ba ta taɓa cin na 'yan ƙasa da 20 ba, kuma a 1989 FIFA ta hukunta ta kan saɓanin shekarun haihuwar wasu 'yan wasa. Tun bayan Enyimba a 2003 da 2004 babu ƙungiyar Najeriya da ta ɗauki kofin zakarun Afirka. Kaso mai tsoka na tawagar 'yan shekarun nan, irin su Lookman da Alex Iwobi da Ola Aina da Calvin Bassey da William Troost-Ekong, makarantun Turai ne suka rene su. 'Yan ƙasa ne kamar kowa, sun kuma zaɓi rigar da zuciya ɗaya, ba a raina musu. Amma ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 da take jiran Ingila ta rena mata 'yan baya, ai ta san akwai abin da ya lalace a gida.

Arewa ta fi kowa sanin wannan lalacewa. Garin Kaduna kaɗai ya fitar da Yekini, wanda har ya bar duniya a 2012 shi ke da tarihin ƙwallo 37, da Amokachi da Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro. Yekini a ƙungiyar masaƙar UNTL ya fara, Amokachi a Ranchers Bees. Da masaƙu suka mutu, ƙungiyoyin kamfanoni suka bi su, aka bar harkar a hannun gwamnatocin jihohi, inda albashin ɗan wasa ke jiran ganin damar gwamna. Jos ta ba da Mikel Obi da Ahmed Musa, wanda Kano Pillars ta ɗaga kafin ya zama wanda ya fi kowa buga wa ƙasar wasa. Yaran suna nan har yanzu, duk yamma suna tayar da ƙura a filayen makarantun firamare daga Sakkwato zuwa Maiduguri. Son abin ma yana nan: a Maris 2016, da aka kawo wasan Masar filin Ahmadu Bello a Kaduna, jama'a sun cika shi fiye da ƙima, har kan turakun fitilu aka hau. Yau kusan duk wasannin gida a Uyo ake yin su, saboda filayen da suka cika sharuɗɗan CAF sun yi ƙaranci.

Kirana ga hukumar ƙwallon ƙafa ta NFF da hukumar wasanni ta ƙasa shi ne a biya koci da 'yan wasa haƙƙinsu kafin su hau jirgi, domin abin kunya ne a ce daga 2014 zuwa 2025 magana ɗaya ake yi a jajibirin manyan wasanni. Duk wanda aka ba tawagar a ba shi zango cikakke daga gasar duniya zuwa ta gaba, a auna shi a ƙarshensa. Gwamnonin Kano da Kaduna da Bauci su gyara filayensu su kai matsayin da za a dawo da wasannin ƙasa. Mu kuma 'yan jarida da 'yan kallo, ranar da aka sake cin mu, kafin mu zagi gola, mu tambayi hukumar nawa ta karɓa daga FIFA da CAF da gwamnati, kuma ina ta kai su.